Turkiyya a Zauren Turai

Ranar 14 ga watan Afrilu na 1987 ne Turkiyya ta miƙa takardar neman shiga ƙungiyar ƙasashen Turai. A 1999 aka karɓe ta a matsayin mai jiran shiga, kana ranar 3 ga Oktoba 2005 aka buɗe tattaunawa da ita, rana ɗaya da Kuroshiya. Kuroshiya ta shige tun 2013. Ita kuwa Turkiyya, daga cikin babi 35 na tattaunawar, 16 aka buɗe, ɗaya tak aka kammala. An shimfiɗa mata tabarma a zaure, ba a ce ta shigo cikin gida ba.

Dalilan da hukumomin Turai ke kawowa sanannu ne: rikicin tsibirin Kubrus tun 1974, tauye 'yancin 'yan jarida, da kame-kamen da suka biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 2016. Duk gaskiya ne, kuma gwamnatin Ankara ba ta da bakin musantawa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin 2016, shugabannin Turai sun yi alkawarin da talakawansu ba su sa musu hannu ba. A 2002 tsohon shugaban Faransa Giscard d'Estaing ya fito fili ya ce shigar Turkiyya ita ce ƙarshen Tarayyar Turai. A 2005 Faransa ta gyara tsarin mulkinta domin a riƙa jin ra'ayin jama'a ta hanyar ƙuri'a kafin karɓar sabuwar ƙasa, kowa kuwa ya san wadda ake nufi, ko da yake an sassauta dokar a 2008. A 2016, masu son fitar Birtaniya daga Tarayyar sun tsorata masu zaɓe da cewa Turkawa na nan tafe.

Shin addini ne? Yana ciki, wanda ya ce babu ya so zuciyarsa. Sai dai Albaniya, inda Musulmi suka fi kowane rukuni yawa, an buɗe tattaunawa da ita a 2022 ba tare da irin wannan hayaniya ba. Bambancin shi ne Albaniya ba ta kai mutum miliyan 3 ba, alhali Turkiyya ta haura miliyan 85, wato ta zarce Jamus. Ranar da ta shiga, tana sahun gaba wajen yawan kujeru a majalisar Turai, ma'aikatanta kuma suna da ikon neman aiki ko'ina. Tsoron masallaci da tsoron rasa aiki sun cakuɗe, 'yan siyasa na ɗiba daga wanda ya fi kawo ƙuri'a.

Abin takaici, wanda aka hana shiga gida shi aka ɗauka gadi. A watan Maris 2016 Turai ta yi wa Turkiyya alkawarin Yuro miliyan dubu 6 domin ta tsare 'yan gudun hijirar Siriya a ƙasarta. Mutanen Agadas sun san irin wannan ciniki, tun daga dokar 2015 kan safarar baƙin haure har zuwa soke ta a 2023.

Kada kuma a ɗauka halin Turawa ne kaɗai. Mai sayen bisashe a karkarar Badar Gula, cikin gundumar Dakwaro, da ke kora su kudu zuwa kasuwannin Najeriya, ya ɗanɗana abin da ƙungiyar ƙasashe ke iya yi wa aljihunsa lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka a 2023. Wannan ƙungiyar ce dai, a taron Monrobiya na watan Yuni 2017, shugabanninta suka amince bisa manufa da shigar Maroko. Nan take masu masana'antun Najeriya, Musulminsu da Kiristansu, suka tashi tsaye don gudun kada kayan Maroko su cika musu kasuwa. Har Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, takardar Maroko ba ta motsa ba.