Kun buɗe inji, kun rufe muna baki

Ƴan uwana matasa, na Filinge da na Yamai, da ɗiyan Kurfey duk inda biɗa ta kai ku.

Yau da ku nike, ku masu kai moto garaji a "buɗe" shi. Na san wasu za su ji haushi, wasu su ce wanga ya tsufa tun bai yi furfura ba. Ba komi. Ku dai karanta har ƙarshe, sannan ku zage ni da hujja.

Maganata guda ce: sauya injin ƙaramin moto don ya yi gudun da ba a ƙera shi dominsa ba asarar kuɗi ce, kasada ce da ran mutane, kuma a ƙasa irin tamu, inda moto ya zama abin tuhuma, cin amana ne ga talakan da muke ta faɗa a mayar mishi da abin hawansa.

Bari mu fara da ƙarfen kansa, tunda kun ce kun san inji.

Ƙaramin moton da ya cika titunanmu, mai inji 110 ko 125, iska ce ke sanyaya shi, ba shi da tankin ruwa irin na mota. Mi ake yi mishi a garaji? A rarake silinda a sa fiston babba. A goge kulas don matsi ya ƙaru. A sauya jigilar karbirato don esansi ya kwarara. A cire matatar iska wai inji ya sha numfashi. A huda salansa ko a zubar da abin da ke cikinta. A sauya pinyo. In moton mata ne marar giya, a sa mishi ƙwallaye marasa nauyi cikin abin da ke jan bel. Wasu har akwatin wuta suke sauyawa don a cire iyakar juyin inji.

To, kowane ɗaya cikin waɗannan da kuɗin da zai karɓa daga baya. In ka ƙara matsi, inji na buƙatar mai mai kyau. Kai kuwa esansin kwalba kake sha a bakin hanya, wanda ba ka san abin da aka gauraya mishi ba. Sai mai ya dinga kamawa kafin lokacinsa, fiston shina shan duka. In ka cire matatar iska a ƙasar da hunturu ke tulo ƙura wata da watanni, ka mayar da silinda turmi, rairayi na niƙa ringi har inji ya fara shan baƙin mai shina hayaƙi. In ka buɗe salansa ba ka daidaita mai da iska ba, inji ya yi zafi fiye da kima, bawul ya ƙone. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu, lokacin da ko inuwa ba ta da sanyi. Ranar da fiston ya kumbura ya cije cikin silinda kana tsakiyar gudu, tayar baya na iya tsayawa cak, kuma ba ta ba ka sanarwa.

Babban pinyo na gaba kuma, gaskiya ne shina ƙara gudu bisa gudron, amma shina rage ƙarfin ja. Wanda ya san rairayin dallol ya san ƙarfin ja ake biɗa can. Ka biya kuɗi an rage wa motonka abin da ƙasarka ke buƙata. Ƙarar da kake ji kuma tana ruɗinka, mafi yawanta ƙara ce kawai. Jaki ma na da murya, ba ta sa ya riga doki.

Ga abin da ba wanda ke taɓawa: birki. An ƙara wa inji, an bar birkin da kamfani ya auna da gudun farko, da taya ta farko wadda ta riga ta suɗe, da ƙashin moto na farko. Lissafin kuwa ba shi da sani ba shi da sabo. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ta ninka sau huɗu. Daga kilomita 60 a awa zuwa 90, ta haura ninki biyu. A gudun 90, cikin daƙiƙa guda kana cin mita 25, wato kafin ƙafarka ta kai ga birki ka riga ka wuce wurin da yaron ya ƙetaro. Karo a gudun 60 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 14. A gudun 90, daidai da mita 32. Wa zai hau bene mai wannan tsawo ya diro da hula ƴar saƙa don ƴan mata su yi guɗa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan. Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne ta Balleyara. Wanda kansa ya fashe a Kurfey, sai an ɗauke shi duk wannan tafiya kafin ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ku tambayi kanku nawa ke isa da rai.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun manta abin da moto ya zama a jihar Tilaberi? Tun watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da Walam da wasu gundumomi. A watan Disamba na 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Cinagodar, kuma cikin wannan wata dokar ta-ɓaci ta iso gundumar Filinge. A farkon 2020 aka hana hawan moto dare da rana a yawancin jihar, don maharan bisa moto suke zuwa. A Janairun 2021 sun kashe farar hula sama da 100 a Comabangu da Zarumdarai. A watan Maris na wannan shekara sun tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu, mutum 58 suka tafi. An ɗage hanin a watan Satumba na 2021, ba a yi wata biyu ba aka mayar da shi.

Wa ya sha wuyar wanga hani? Ɗan kabu-kabu da ya jingine abin cin abincinsa. Makanikin da garajinsa ya zama wurin shan shayi. Mushen lakwal na ƙauye. Malamin likita mai kai allurar rigakafi. Mai naƙuda da aka ɗora bisa amalanken jaki da tsakar dare. Mai lambun Bonkuku da ke son kai dankalinsa kasuwa. Matasa nawa suka bar gida suka nufi Yamai ko Kwatano ko Libiya saboda sana'ar moto ta mutu a hannunsu?

Mu ƴan farar hula, abin da muke faɗa wa mahukunta kullum shi ne: moto ƙafar talaka ce, kada a hukunta gari duka don laifin ƴan ta'adda, a yi rajista, a ba da lamba, a san mai kowane moto. Wannan ita ce hujjarmu, kuma tana tsaye ne bisa abu guda: cewa matashin da ke bisa moto mai neman halaliyarsa ne, mai hankali, wanda za a iya yarda da shi.

Sai ga ku. Ranar ɗaurin aure a Yamai, ku ashirin ku jero, ba lamba, ba kaske, salansa a fashe, kuna ɗaga tayar gaba tsakiyar mutane, wani na ɗauka a waya a watsa a TikTok. Wanda ke da ikon sa hannu a takardar hani shi ma shina da waya. Ya gani. Gobe in mun zauna gabansa muna roƙon sassauci, wannan hoton ne zai tuna. Wake ɗaya ke ɓata gari, ku kuwa kun fi mudu.

Kuma ku yi tunanin wanda ke jin ƙararku. Akwai mata a unguwanninmu da suka baro ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai. A wurinsu, rugugin motoci masu ƙafa biyu da yawa lokaci guda ma'anarsa guda ce: a kwashi yara a shiga daji. Abin da kai ka ɗauka wasa, ita tashin hankalin ranar da aka kashe mijinta ne ya dawo mata. Haba ɗan uwa. Ko don wannan kaɗai ai ka mayar da salansarka.

Na san amsoshinku, na sha jin su a fada.

"Motona ne, kuɗina ne, raina ne." Moton naka ne. Hanya fa? Ta tsohuwa mai tallan ƙosai ce, ta ɗan lakwal ce, ta makiyayin da ke ƙetarar da garkensa ce. Ran ma ba naka ne kai ɗaya ba. In ka karye, uwarka ce za ta kwana zaune a likita, babanka ne zai sayar da sa ko ya jinginar da gona, ƙanwarka ce za a cire daga karatu.

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne kowa da ajalinsa. Amma malamanmu sun koya muna a ɗaure dabba kafin a yi tawakkali. Wanda ya biya kuɗi aka lalata mishi inji, ya ƙi sa kaske, ya murɗa har ƙarshe cikin kasuwa, kada ya ɗora wa ƙaddara abin da hannunsa ya saya.

"Turawa ma suna tsere." Suna yi, a filin da aka killace, ba akuya ba yaro, da rigar fata da kaske da motar likita tsaye, da birki da taya da aka ƙera don wannan gudu. Duk da haka, a tsibirin Man kusa da Ingila, inda ake tsere bisa hanyar gari bayan an rufe ta, mahaya sama da 250 suka mutu tun da aka fara. Ƙwararru ke nan. Kai da silifas fa?

"Ba aiki, ba wurin wasa, mi kuke so mu yi?" Nan kam kuna da gaskiya, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mahukunta sun iya hani, ba su iya samar da madadi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da mairi-mairi da ƴan sanda su sani: kama moto a karɓi tara a sake shi ba ya gyara komi. Muna son a ware fili bayan gari inda mai son tsere zai yi da ƙa'ida da kaske. Muna son cibiyoyin koyon sana'a su samu kayan aiki na gaske da malaman kanikanci. Muna son a daina kallon kowane matashi mai moto kamar ɗan ta'adda. Za mu ci gaba da faɗa. Amma rashin aiki bai taɓa zama lasisin take ɗan wani ba.

Ku kuma makanikai, iyayen gidan wanga aiki, da ku nike musamman. Yaron da ke iya sauraron inji ya gane jigila ta yi ƙanƙanta, basira gare shi, kuma ban raina ta ba. Soichiro Honda da kansa, a Japan ta bayan yaƙi, a 1946, ƙananan injuna ya fara ɗaura wa kekuna. A 1958 kamfaninsa ya fito da Super Cub, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, kuma yawancin ƙananan motocinmu masu kwantaccen inji daga tsarinsa aka kwaikwayo su. Abin da ya sa duniya ta karɓe shi, shina shan mai kaɗan, shina daɗewa, kowa na iya gyara shi. Ku kuma kun zauna kuna warware wannan hikima da guduma, a biya ku jika biyu.

Ga inda ake biɗar hannunku: injin ban ruwa na lambunan dallol Bosso ɗan uwan injin moto ne, fiston da karbirato da buji. In ya tsaya tsakiyar rani, dankali da albasa da kabeji ke ƙonewa. Ga injin niƙa, ga janareto, ga famfon hasken rana da ke ta yawaita ba masu gyara. Makanikin da ya iya sa inji ya rage shan mai ya ƙara shekara biyu bisa kwanansa, shi ne gwani, kuma shi manomi zai yi ta nema da kuɗinsa a hannu. In yaro ya kawo muku moto ya ce a buɗe, ku duba birkinsa da tayarsa ku gyara, ku ce ya tafi. In ya faɗi gobe, kun san hannun wa ke ciki.

Ƴan mata, ku ma da naku. Don ku ake rabin wanga hauka. Ranar da kuka daina guɗa da ɗaukar hoto, kuka ƙi hawa bayan mai fasasshiyar salansa, kasuwar ta faɗi. Iyaye masu aurar da ɗiya, ku faɗa tun wurin sa rana cewa ba a rako amarya da ganganci.

Ƙasar Kurfey ƙasar mahaya ce, kowa ya san tarihin dawakinta. Amma ba a taɓa yi wa mutum kirari don ya kashe dokinsa da sukuwa ko ya tattake yaran gari ba. Mahayin kirki da linzami ake gane shi.

Abin da nike roƙo kaɗan ne. Ka mayar da matatar iska. Ka mayar da salansa. Kuɗin da ka tara don fiston babba, ka sayi kaske da taya sabuwa da takalmin birki. Ka yi wa motonka takardu da lamba. In abokinka na fada ne mai wanga hali, ka karanta mishi wannan, ko zai yi fushi kwana biyu. Sa'annan ka zo mu tafi tare gaban perefe da gwamna mu nemi haƙƙin talaka na hawa abin hawansa, da bakin da ba wanda zai iya rufe muna.

Allah ya tsare mu bisa hanya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya maido da kwanciyar hankali a Kurfey da Tilaberi da Nijar baki ɗaya. Amin.