Injin sassabe na tarakta: Abin da ya kamata a duba kafin sunan kamfani

A ranar 23 ga watan Yunin 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da gwamnatin tarayya ta sayo daga ƙasar Belarus, tare da dubban kayan aikin da ake ɗaura musu. Tun daga lokacin, yawancin muhawarar da ake yi ta tsaya ne kan adadin taraktocin da kuma wanda zai samu.

Sai dai tarakta ita kaɗai ba ta noma. Abin da aka ɗaura mata a baya shi ke yin aikin: garma, ko haro, ko rija, ko tirela. Daga cikin waɗannan kayan akwai wanda ba a cika maganarsa ba, duk da cewa a gonar da ta yi daji shi ne ke fara shiga, wato injin sassabe, wanda masu harkar tarakta ke kira silasha.

Wanda ya tashi sayen wannan inji yakan fara da tambaya ɗaya: na wane kamfani ya fi? Tambayar tana da muhimmanci, amma idan aka dubi yadda kasuwar take a duniya da kuma halin da mai tarakta ke ciki a Najeriya, akwai tambayoyin da suka riga ta.

Yadda injin yake aiki

Injin sassabe faffaɗan murfin ƙarfe ne da ake ratayawa a bayan tarakta. A samansa akwai giyabos, a ƙarƙashinsa kuma manyan wuƙaƙe, galibi guda biyu, masu juyawa a kwance. Ƙarfin juyawar yana fitowa ne daga shaf ɗin bayan tarakta, wanda kanikawa ke kira PTO, kuma a yawancin ƙanana da matsakaitan taraktoci yana juyawa sau 540 a minti ɗaya.

Wuƙaƙen ba su da kaifi irin na adda. Nauyi da gudu ne makaminsu, domin bakinsu yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa ɗaya. An kuma ɗaure su ta yadda za su kauce su koma baya idan suka daki dutse ko kututture, maimakon su karye.

Lissafin aikinsa mai sauƙi ne. Injin da faɗinsa ya kai mita 1.5, idan tarakta na tafiyar kilomita 5 a awa, zai share kashi uku cikin huɗu na hekta a awa ɗaya a takarda. A cikin gona kuwa, juyawa a bakin iyaka da kauce wa suri da kututtura sukan rage wannan adadi. Duk da haka, aikin da zai ɗauki majiya ƙarfi kwanaki da adda da gatari, injin yakan gama shi a wuni guda.

Wa ke buƙatarsa?

Ba kowace gona ke buƙatar silasha ba. A kewayen Kano da Katsina, inda ake noma fili ɗaya duk shekara, karan dawa da na gero dukiya ne: abincin dabbobi ne, makamashi ne, kuma da shi ake danga. Manomin da ke sayar da kara ba zai biya a niƙe masa shi ba.

Buƙatar ta fi yawa inda ruwan sama ke da yawa kuma ciyawa ke wuce tsayin mutum, kamar jihohin Neja da Nasarawa da Taraba da kudancin Kaduna. Haka nan a lambunan mangwaro da kashu, da filayen kiwo, da gefen hanyoyi, da kuma gonakin da rashin tsaro ya sa aka ƙaurace musu shekaru har gamba da sabara da kalgo suka mamaye su.

A irin waɗannan wurare, abin da aka saba shi ne a cinna wuta ko a fesa maganin ciyawa. Wuta tana cinye ciyawar da za ta ruɓe ta zama taki, kuma a lokacin hunturu takan tsallaka gonar maƙwabci. Sassabe da inji yana barin ciyawar a ƙasa ta rufe ta. Amma shi ma yana da iyaka: ba ya tumɓuke kututture, kuma tofa takan sake tsirowa daga saiwarta bayan an yanke ta.

Sunaye da yawa, masu su kaɗan

A Amurka, inda wannan inji ya yi fice, sunan da ya fi shahara shi ne Bush Hog, kamfanin da ya soma a garin Selma na jihar Alabama a 1951. Sunan ya bazu har manoman can suna kiran kowane injin sassabe da shi, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu omo a nan. Sauran sunayen da ake gogayya da su sun haɗa da Woods da Land Pride da Rhino da King Kutter da kuma Frontier.

Idan aka leƙa bayan fage, sunayen sun fi kamfanonin yawa. Kamfanin Alamo Group na jihar Texas, mai Rhino, shi ya saye Bush Hog a 2009. Kubota na Japan ya saye kamfanin Great Plains, mai Land Pride, a 2016. Frontier kuwa suna ne da John Deere ke sayar da kayan haɗi da shi, waɗanda wasu masana'antu ke ƙera da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma batun giyabos da shaf, waɗanda su ne zuciyar injin. Masu ƙera silasha da dama ba su ke yin su da kansu ba. Sukan sayo ne daga kamfanonin da suka ƙware a kai, irin su Comer Industries da Bondioli & Pavesi na Italiya, ko daga masana'antun China. Saboda haka ana iya samun injina biyu masu fenti daban da suna daban, amma giyabos ɗinsu daga gida ɗaya ya fito.

Wani abin lura shi ne kowane babban kamfani yana da injina hawa-hawa: mai sauƙi na ciyawa, matsakaici, da mai nauyi na daji. Ƙaramin injin babban kamfani zai iya mutuwa a gonar da babban injin ƙaramin kamfani zai shekara yana aiki.

Kasuwar Najeriya daban take

Ƙasashen da ke sayar wa Afirka kayan haɗin tarakta sun haɗa da Indiya, mai Fieldking da Shaktiman da Mahindra, da Brazil, mai Baldan da Tatu, da Afirka ta Kudu, mai Falcon, sai kuma China da Turkiyya da Pakistan. Ga kuma na hannu da ake shigowa da su daga Turai, da waɗanda masu walda ke haɗawa a gida.

Abin da ya sauya lissafin kowa shi ne darajar naira. Kafin watan Yunin 2023 ana canzar da dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a hukumance. A 2024 ta haura naira 1,500. Duk wani ƙarfe da za a shigo da shi daga waje, daga giyabos har noti, ya bi wannan tashi.

Wannan ya sa mai saye tsakanin zaɓi biyu masu haɗari. Ko ya runtse ido ya sayi mai suna da tsada, sannan ya gano babu mai sayar da wuƙarsa a jiharsa. Ko ya bi araha, wadda Hausawa suka ce ba ta ado, ya sayi mai siririn ƙarfe da zai tsage a kakar farko.

Ga mai ba da hayar tarakta, lokacin aikin gajere ne: 'yan makonnin sharar gona kafin saukar damina, sai kuma bayan girbi. Injin da ya tsaya mako uku yana jiran kayan gyara daga Legas ko daga ƙasar waje ya rasa kakar, kuma manoman da suka ba da kafin alƙalami ba za su jira ba.

Najeriya ta taɓa ganin irin wannan. An yi zamanin da ake haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Bayan durƙushewar masana'antun, da kuma sayo taraktoci iri-iri daga ƙasashe daban-daban da gwamnatoci suka riƙa yi, harabobin ma'aikatun gona da dama sun cika da injinan da rashin ƙaramin kayan gyara ya kwantar da su.

Abubuwa shida da ake aunawa

Na farko shi ne dacewa da tarakta. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kimanin ƙarfin doki 5 a shaf ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗin injin. Silasha mai ƙafa 6 na buƙatar aƙalla ƙarfin doki 30, kuma fiye da haka a daji mai kauri. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ta yawaita a Arewa, ta wuce wannan nesa. Matsalar a nan ta juye: babbar tarakta tana iya murɗe ƙaramin giyabos.

Na biyu shi ne ƙarfin giyabos ɗin. Kowanne yana da adadin ƙarfin dokin da aka rubuta zai iya ɗauka. Idan an rubuta 40 aka ɗaura shi a tarakta mai 75 aka shiga sabara, haƙoransa ne za su biya.

Na uku shi ne bakin shaf. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne mai haƙori 6, amma taraktocin Belarus akan yi su da baki iri-iri, har da mai haƙori 8 na tsarin tsohuwar Tarayyar Soviet. Ƙirga haƙoran kafin biyan kuɗi ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Na huɗu shi ne abin da ke kare injin idan wuƙa ta daki abu mai tauri. Wasu injinan suna da noti mai laushi da aka yi shi don ya karye, a sauya shi da kuɗi kaɗan. Wasu kuma suna da kuloci mai zamewa, wanda ya fi dacewa da gona mai duwatsu da kututtura. Kowanne yana da tarkonsa. Direban da ya gaji da sauya noti ya cusa rodi mai tauri a gurbinsa ya mayar da giyabos abin da zai karye. Kulocin da ya yi watanni a ajiye kuma yakan yi tsatsa ya manne, sai an sassauta shi an gwada kafin a fara aiki.

Na biyar shi ne kaurin ƙarfen murfi da girman itacen da injin zai iya yankewa. Masu sauƙi suna da ƙarfen da bai kai milimita 3 ba, kuma an yi su ne don ciyawa da tsiron da bai wuce inci 1 ba. Masu nauyi kan kai milimita 4.5 zuwa 6, suna yanke itace mai kaurin inci 3 ko fiye. Yana da kyau a leƙa ƙasa a ga ko wuƙaƙen na ɗaure a jikin faranti mai zagaye, wanda ke sa injin ya zame ta kan kututture.

Na shida, wanda ke yanke hukunci a ƙarshe, shi ne kayan gyara. Wuƙa da notinta da boris da robar da ke hana mai zuba su ne ke ƙarewa. Mai saye zai iya gwada dillali da tambaya ɗaya: yanzu haka akwai su a shago? Injin da za a samu kayansa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna cikin wuni ɗaya ya fi amfani ga mai haya a kan wanda garantinsa ke rubuce a takarda amma ofishinsa na wata nahiya.

Batun da ba a saka wa farashi

Dutsen da wuƙar silasha ta harba yana iya tafiya mita da yawa da ƙarfin da zai kashe mutum. Shi ya sa injina masu kyau ke zuwa da labulen sarƙa ko na roba a gaba da baya. A ƙauyuka, inda yara ke bin tarakta don kallo, wannan labule ba ado ba ne.

Haka ma murfin roba da ke rufe shaf. Shaf mai juyawa sau 540 a minti yana zagaye 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya kama bakin riga mai faɗi ko rawani, babu wanda zai iya kashe tarakta kafin ɓarna ta auku. Injinan hannu da na haɗin gida sukan zo babu waɗannan kariya biyu, kuma nan ne arahar tasu ke ɓoye tsadarta.

Wuƙar da aka yi wa walda bayan ta tsage, ko aka yanko ta daga ƙarfen da ba nata ba, ita ma haɗari ce, domin idan ta ɓalle a cikin gudu babu mai sanin inda za ta faɗa.

Abin da ya rage wa hukumomi

Najeriya tana da Cibiyar Bunƙasa Noma da Injina ta Ƙasa, NCAM, a Ilorin, wadda gwada injinan noma na cikin aikinta. Akwai kuma sashen injiniyan noma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Idan aka riƙa gwada kayan haɗin da ke shigowa ƙasar ana wallafa sakamakon a fili, mai saye zai samu abin dogaro da ya wuce bakin dillali.

Murfin silasha da firam ɗinsa aiki ne da masu walda na gida ke iyawa. Abin da ke gagarar su shi ne giyabos da wuƙa mai ingancin ƙarfe. Sauƙaƙa shigo da waɗannan biyu, da tilasta sanya kariya, zai iya samar da inji mai rahusa da ake gyarawa a garin da aka ƙera shi.

Ga shirin taraktocin Belarus, da kuma na Green Imperative da Najeriya ta ƙulla da Brazil a kan dala biliyan 1.1, ma'aunin ba zai tsaya a ranar biki ba. Za a gane nasararsu ne a kaka ta uku, lokacin da wuƙar farko ta cinye, direba ya shiga kasuwa neman wata.