Makarantar Kuɗi ko ta Gwamnati: Wa Ke Renon Zukatan 'Ya'yanmu?

Daga Funtuwa har zuwa Malumfashi, sabuwar shekarar karatu kan kama a watan Satumba, tun amfanin gona bai gama shiga rumbu ba. Shi ya sa magidanci kan karyar da masararsa, ko ya ci bashi, don ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma wajibi, amma da yawanmu mun yanke ƙauna daga makarantun gwamnati. Abin tambaya shi ne: me muke saye da wannan kuɗi?

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya karantar da mu cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, masu renonsa ne ke karkatar da shi. A yau makaranta ta shiga sahun masu renon, domin yaro kan yi wajen awa shida a cikinta kullum. Idan aji ya cika maƙil, kamar yadda muke gani a firamaren gwamnati da dama, malami ba zai san halin kowane yaro ba. Sai tarbiyya ta koma hannun manyan aji, daga bakinsu ƙarami ke fara jin ashar, a wurinsu yake koyon gudun makaranta.

Makarantar kuɗi ta rage cunkoso, amma tana da nata ciwon. A can gasar ta abin duniya ce: abincin tara, sabon takalmi, wayar hannu, bikin yaye ɗalibai. Ɗan manomin da aka sayar da hatsi aka biya masa kuɗi yakan dawo gida yana jin kunyar keken mahaifinsa.

Ko ta fuskar tsaro babu ɓangaren da ya tsira. A Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. A Janairun 2022 kuma aka gano gawar Hanifa, 'yar shekara 5, a Kano, kotu ta yanke wa mai makarantar kuɗin da take zuwa hukuncin kisa.

Ke nan biyan kuɗi ba ya sauke mana amana. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai hura zuga. Mu san da wa ɗanmu yake zama a benci, da wa yake dawowa gida. Mu halarci taron iyaye da malamai, mu shiga kwamitin kula da makarantar unguwarmu, domin yaran da muka bari a can su ne abokan wasan namu da yamma, kuma tare suke zama a Islamiyya.

Allah Ya shirya mana zuri'a.