Lambu a Tsakar Gida

A wannan wata za mu taɓo maganar tukunyar miya, domin duk maigidan da ke ba da kuɗin cefane a nan Njamena ya san yadda abin yake. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, masu lambu na bakin kogin Shari sukan cika kasuwar Dembe da babbar kasuwa da salat da tumatir da ganye iri-iri. Amma da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai kaya su yi wuya, farashi ya tashi.

Ba zafi kaɗai ba ne. Ba mu manta da Oktoban 2022 ba, lokacin da Shari da Logon suka yi ambaliya, ruwa ya shiga Waliya da Tukra, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A 2024 ma an sake gani. Idan ruwa ya ci lambun bakin kogi, tukunyarmu ce ke ji a jikinta.

To, mene ne abin yi? Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Duk da haka buhun shinkafa da ya ƙare, ko jarka da ta fashe, ko tsohuwar taya, kowanne ƙaramin lambu ne. Ƙasar garin nan laka ce, da rani ta daskare, da damina ta riƙe ruwa. Saboda haka a haɗa ta da rairayi da kashin awaki wanda ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A huhhuda ƙasan buhun, a ɗora shi bisa bulo saboda kwanciyar ruwa.

A fara da abin da ba ya ba da wahala. Alayyafo yakan isa yanka cikin wata guda, in an yanka kuma ya sake tohowa. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Yakuwa da lalo da rama suna jure zafi. Salat da tumatir kuwa a bari sai sanyi. Zogale guda a kusurwar gida ya ishi iyali ganye.

Wani zai ce ina ruwa? Ruwan alwala da na wankin shinkafa, da muke zubarwa sau da yawa a yini, ya isa buhu huɗu ko biyar. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Amma a guji ruwan kwata, musamman ga abin da ake ci ɗanye, domin ta nan cutar amai da gudawa ke shiga gida. A kuma rufe randa saboda sauro. In ƙwari sun dame mu, a daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa. Akuyar maƙwabta kuwa, maganinta ɗan shingen kara tun kafin a yi rigima.

Ba mu ce buhu biyar zai raba mu da kasuwa ba. Amma ranar da aljihu ya bushe, uwargida ta tsinko ganyen miya a bayan ɗakinta, an rufa asiri. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Wanda yake da iri ya sam wa maƙwabcinsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.