Sharhi: Binciken da bai zama doka ba a wasan jimnastik

A wasan jimnastik, wato wasan alkafura da lanƙwasa jiki, likitoci da masu bincike sun daɗe da sanin abin da ke illata 'yan wasa. Sai dai saninsu ba ya isa zauren atisaye sai ya zama doka ko kayan aiki. Ku dubi dokin tsalle, siririn abin nan da 'yar wasa ke sheƙowa a guje ta dafa ta wuntsila. A 1988 Julissa Gomez ta Amurka ta karya wuya a kansa a birnin Tokyo, ta rasu a 1991. A 1998 Sang Lan ta ƙasar Sin ta faɗo daga kansa a New York, jikinta ya shanye. Sai a 2001 hukumar wasan ta duniya, FIG, ta sauya shi da tebur mai faɗi. Daga nan kowane koci ya koma aiki da teburin, ko yana karanta mujallun bincike ko bai taɓa buɗe su ba.

Batun abinci kuwa an daɗe ana barinsa a matsayin shawara. An san cewa yarinyar da ake ƙuntata wa ci tana atisaye mai tsanani, ƙashinta na yin rauni, al'adarta na iya ɗaukewa. Duk da haka, rahoton da lauya Anne Whyte ta fitar a Birtaniya a 2022 ya samu masu horarwa suna yawan ɗora yara a kan sikeli, suna hana su abinci da ruwa. Sai da aka yi wannan tonon silili, sannan a 2023 hukumar jimnastik ta ƙasar ta haramta wa koci auna nauyin 'yan wasansa.

Wasu za su ce koci ya fi mai bincike sanin ɗan wasansa, tunda kullum suna tare. A kan dabarun wasa, haka ne. Amma lambar yabo ce ke riƙe wa koci aikinsa, kuma mai wannan buƙata bai kamata ya yi alƙalancin ko ƙafa ta warke ba. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyat, zakarar duniya ta 1978, an mayar da ita atisaye karayar ƙafarta ba ta gama haɗewa ba, gab da Olamfik ta 1980 ta karya wuya.

Wasu kuma na cewa ai doka ma ana yi mata maguɗi. Ana yi. FIG ta sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya tun 1997, amma Sin ta kai Dong Fangxiao gasar Olamfik ta Sydney a 2000 tana 'yar shekara 14. To, da yake doka ce aka karya, a 2010 kwamitin Olamfik ya ƙwace lambar tagullar da tawagar Sin ta ci, ya miƙa wa Amurka.