BUZU A AKWATI BA YA KIWON KANSA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili kamar yadda ka saba, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan fatun da aka jeme da gashinsu, watau buzun rago, da na akuya, da fatar damisa irin ta gidajen sarakuna da maharba.

Mutane da yawa suna tsammani in an jeme fata, shi ke nan ta gama da lalacewa. Sai ka ga mutum ya gaji buzun mahaifinsa, wanda aka daɗe ana karatu a kansa, don tsananin girmamawa ya ninke shi huɗu, ya sa a ƙarƙashin akwati, ya kulle. Ran da ya buɗe, sai ya tarar gashi na zuba kamar ƙaiƙayi, fata ta tsage a kan kowane ninki. Buzun da a ke zama a kansa kullum, ana kakkaɓewa, ya kan fi na akwati tsawon rai.

Ga dalili. Gashi ba shi da madogara sai fata. Bagaruwar da majemi ya sa ita ke hana ta ruɓa, man da ya shafa kuwa shi ke ba ta laushi, amma mai ya kan bushe da shekaru. Sa'an nan maƙiyanta uku ne. Na fari rimar damina, gama in damshin iska ya wuce kamar kashi 70 cikin 100, fumfuna sai ta kama. Na biyu hunturu, wanda ke ƙandarar da ita har ta karye. Na uku asu da ƙwaron fata. Tsutsarsu ce ke cin gindin gashi, kuma ba abin da ta ke so kamar duhu da wurin da ba a motsawa.

To, wanda ya tarar da tasa ta ƙandare, kada ya buɗe ta da ƙarfi, kada kuma ya tsoma ta a ruwa. Ya shafa tsumma mai ɗan laima a bayanta, wajen da ba gashi, ya lulluɓe ta ta kwana. Da safe ya riƙa murza ta a hankali a gefen icce mai santsi har ta saki, sa'an nan ya shafa man kaɗanya kaɗan ƙwarai, kada ya taɓa gashin. Mai in ya yi yawa, ƙura da ƙwari ya ke kira. Dauɗar gashi kuwa, a ɗumama dusa a cuɗa a ciki, a kakkaɓe sarai kada ko ƙwaya ta saura, a taje a inuwa. Rana mai zafi tana ƙona fata, tana kuma kashe launi. In da yagewa, a kai wa baduku ya yi mata maho ta baya. Amma in an taɓa ta ana ganin jan gari a hannu, to ta mutu, ba man da zai tashe ta. Sai a shimfiɗa ta a kan zane a daina zama a kai.

Wajen ƙwari, masu gidajen ajiye kayan tarihi su kan ɗaure fata cikin leda, su sa ta a injin ƙanƙara mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, su bari ta huce kafin su kwance. Wannan na kashe tsutsa har da ƙwai. Busasshen ganyen darbejiya yana taimako wajen kora, amma ba ya kashe ƙwan.

Ajiya kuwa, a naɗe ta kamar tabarma cikin farin zanen auduga, ba cikin leda ba, don leda na tsare laima. A ɗora ta bisa, nesa da ƙasa da bango saboda gara. Da damina a warware ta kowane wata ta sha iska.

Masu fatar damisa su ƙara kula, gama tun 1975 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana cinikinta tsakanin ƙasa da ƙasa, don dabbar ta yi ƙaranci. Wadda kakanni suka bari in ta lalace, ba a kashe wata don a maye ta. Buzun rago ana samunsa kowace Babbar Salla, amma wanda mahaifinka ya zauna a kai guda ɗaya ne tak.

Jama'a, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowa ya buɗe akwatinsa tun damina ba ta kankama ba.

Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu.