MERS: A Kai Jagorar Likitoci Har Asibitin Karkara

Tun da aka gano cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012, ta bayyana a ƙasashe 27, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar sun kamu da ita sun rasu. Har yanzu ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, ba ta da maganinta na musamman. Daga raƙuma take shiga jikin ɗan Adam, amma inda ta fi yaɗuwa tsakanin mutane shi ne cikin asibiti.

Abin da ya faru a Koriya ta Kudu a 2015 ya isa darasi. Wani dattijo ya dawo daga Gabas ta Tsakiya, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi, ya zaga asibitoci da dama kafin a gane abin da ke damunsa. Daga shi kaɗai cutar ta kai ga mutum 186, 38 suka rasu, aka killace sama da 16,000. Ƙasa ce mai manyan asibitoci da kayan aiki na zamani. Jinkirin gane cutar da cunkoson ɗakunan jinya su ne suka buɗe mata hanya.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya ba ta da sarƙaƙiya. Duk wanda ya zo da zazzaɓi, tari ko sarƙewar numfashi, a tambaye shi inda ya je cikin kwana 14 da suka wuce, ko ya kusanci raƙuma, ko ya sha ɗanyen nononsu, ko ya kwanta a wani asibiti a can. Idan an yi zargi, a sa masa takunkumi, a keɓe shi nan take. Mai duba shi ya sa safar hannu da takunkumi da rigar kariya, ya kare idanunsa. Kakin da ya fito daga huhu ya fi abin da aka shafo a maƙogwaro nuna ƙwayar cutar a gwaji. A ƙara lura da tsofaffi da masu ciwon suga ko na ƙoda, domin su ta fi kayarwa, kuma wani lokaci da gudawa take farawa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kowace shekara dubban 'yan uwanmu daga Najeriya da Nijar suna zuwa Hajji da Umara, da yawansu kuma suna dawowa da tari. Mafi yawansa mura ce, amma alhajin da ya jigata ba asibitin koyarwa zai fara zuwa ba. Ƙaramin asibitin garinsu zai nufa, ko shagon mai magani.

Don haka muna kira ga hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya (NCDC) da ma'aikatun lafiya na jihohi da hukumomin alhazai su sauko da wannan jagora zuwa harsunan da ma'aikatan karkara ke aiki da su, a shafi ɗaya da za a manna a bango, tare da lambar wayar da ake ɗauka. A ba su kayan kariya, a horar da su kafin jiragen alhazai su fara dawowa. Ba adalci ba ne a ɗora wa ma'aikacin jinya alhakin tare annoba alhali ba a ba shi ko takunkumi ba.